Teburin Baffa Yana Tsallake

Ranar da ma'aikatan titi suka zo ƙofar gidanmu, tabarau ɗin Baba yana wurin Baffa ana ɗaure masa ƙafa. Shi ya sa aka kira ni in riƙe biro. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada ku ji ina zuba a kan mutanen gidanmu ku ɗauka ni wankakkiya ce. Da hannuna a ciki dumu-dumu.

Baffa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba tun yana yaro, amma yana da keken hannu mai ƙafa uku, yana kuma da teburi a tsallaken titi, a barandar wani kemis, daidai saitin ƙofarmu. Can yake gyaran agogo da tabarau da tocila, shekara ashirin da ɗoriya. Ƙarfe bakwai da rabi zai murza kekensa ya fita, ya ɗaga wa motoci hannu, su kuwa su tsaya, don rabin direbobin hanyar nan agogonsu ya bi ta hannunsa. Minti biyu ya isa, ya yaye tamfol, ya maƙala ɗan madubinsa a ido.

A ranar yana can bakin aikinsa. Baba kuwa yana kan benci a ƙofar gida da abokan hirarsa, kwana uku ke nan da aka zaɓe shi shugaban kwamitin layi, har zamansa ya sake. Sai ga injiniya, mace ce, da hular kwano da tulin takardu a hammata. Ta gaishe su da ladabi.

"Baba, za mu ɗaga titin nan mu mai da shi tagwaye, a ja shingen kankare a tsakiya," in ji ta. "Muna bi gida-gida ne don mu san inda za mu bar mashiga, da ƙofar da za mu yi wa gangare maimakon matakala. Akwai nakasasshe a gidan nan?"

Baba ya dube ta, ya dubi abokansa. An daɗe ana raɗe-raɗin za a kwashe mabarata daga bakin hanya, shi kuma duk takardar da ya gani a hannun ma'aikaci, ta wannan ce.

"Nakasasshe? 'Yata, dubi gidan nan da kyau. Mu nan kowa da sana'arsa, ba mu da mai miƙa hannu."

"Ba bara nake nufi ba, Baba. Mai keke, ko makaho, ko wanda..."

"Na ji ki sarai. Malama, rubuta babu."

Malama ni ce, don ina koyarwa a firamare. Na sunkuya na ce a hankali, "Baba, Baffa fa?"

"Baffanki ne nakasasshe? Mutumin da ya fi ni samu? Rubuta abin da na ce."

'Yan benci suka yi dariya suna gyaɗa kai. Ni ma sai na ji abin ya burge ni, na ce lallai Baba ya san darajar ɗan'uwansa. Na rubuta babu, har da jan layi a ƙasa. Baba ya sa hannu, ya aika aka ɗauko hatimin kwamiti ya danna, ko da yake ba wanda ya nemi hatimi.

Bayan wata huɗu titi ya tashi sama ya bar gidanmu a ƙasa. Aka haƙa lambatu mai zurfin ƙugu, aka rufe shi, aka ɗora mana matakala uku masu kyau, an shafe su sumul. Da safe Baffa ya murzo kekensa, ya ci birki a gabansu.

"Wannan na waye?"

"Namu ne," in ji Mama. "Ka ga yadda suka ƙawata ƙofar?"

"Na gani. To nawa fa, yaushe za a kawo?"

Kowa ya kama duban wani wuri. Sai ni na ba shi labarin takarda. Baffa ya yi dariya har da tari, yana buga hannun keke.

"Ashe na warke ban sani ba. Yaya, ai da ka faɗa mini da wuri da na sayi takalmi."

Baba ya ce ba abin tashin hankali ba ne, ga maza a gida. Maza kuwa su ne yayana, wanda muke kira Direba, da duk maƙwabcin da tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofarmu. A lokacin ba a zuba shingen tsakiya a saitinmu ba, ƙarafa ne kawai a tsaye da 'yar kafa a tsakaninsu, saboda haka in an haura da Baffa matakala yana iya ratsawa. Kwana biyu ana ɗaga shi da keken gaba ɗaya, safe da yamma. A rana ta uku Direba ya tashi da hannu a ƙugu yana tafiya a karkace, maƙwabta kuma suka koyi fita tun kafin bakwai.

Sai Direba ya kawo dabara. Ya samo katako biyu ya jingina a kan matakalar, ya ce ga gangare nan, gwamnati ta riƙe nata. Baffa ya ja baya, ya murzo da ƙarfi, ya kai rabi, keken ya yi tunani ya fasa. Da baya-baya ya dawo, ya wuce ta ƙofa, bai tsaya ba sai a cikin bahon wankin Mama. Mun yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, da kumfa a gemunsa. Da yamma na ga yana shafa man zafi a gwiwar hannu, ya ja hannun riga ya rufe da ya gan ni.

Daga ranar Baffa ya zauna a gida, wai kafin a san abin yi. Mama ce ta fara gano amfanin zaman.

"Baffan yara, tunda kana nan, ka sa mini ido a tukunyar nan, zan leƙa kasuwa."

"Baffan yara, tunda kana nan, mai gas zai zo, ka karɓa."

Tunda yana nan, dutsen guga ya warke, fanka ta daina kuka, rediyon Baba da ya mutu tun ina sakandare ya tashi yana magana. Makullan gida duk suka koma aljihunsa. Keken kuwa, da yake ba ya zuwa ko'ina, Mama ta lura hannayensa sun dace da shanyar tawul. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa Baffa sharri, wannan zan rantse a kai. Daɗin zamansa kawai muka ji, daɗi kuwa ba ya barin mutum ya yi sauri.

A mako na biyu Mai Kemis ya bugo masa waya, ina kusa ina jin komai.

"Maigyara, lafiya dai? Mutane sun dame ni da zancen agogunansu. Ga wani mai liƙa gilashin waya kullum sai ya zo yana auna wurin teburinka da ido. Na ce masa da mai shi. Amma ka san baranda ba ta zama haka nan. Zan riƙe maka zuwa ƙarshen wata, in ya wuce haka ka yafe ni."

"Na gode," in ji Baffa. "Ina tafe."

Ya kashe wayar ya dube ni. "Kin ji na ce ina tafe, Malama. Bakina bai san halin da ake ciki ba."

Washegari daga makaranta na zarce ofishin masu aikin, wata kwantena ce a tsallake, ita ma da matakalarta ta ƙarfe. Injiniya ta gane ni tun kafin in zauna.

"Ke ce mai biro."

Na ce ni ce, na kwashe komai na faɗa mata. Ta dafe goshi, ta zaro takardarmu, ga babu ɗina nan da layinsa.

"Mashiga mafi kusa da ku mun sa ta can wajen gidan mai, saboda akwai makafi biyu a layin," in ji ta. "Daga ƙofarku tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa, kuma gefen hanyar duk turakun fitila ne, kekensa ba zai wuce ba. Amma ba a makara ba. Ran talatin ga wata za mu zuba kankaren saitinku. In wanda ya sa hannu ya zo ya gyara da mako guda kafin nan, zan tura sama, a bar muku kafa, a fasa matakalar a yi gangare."

"Ni ba zan iya sa hannun ba?"

"Ba ke kika sa na farko ba. Ga shi har da hatimi. Da bai danna hatimin nan ba ma da na san yadda zan yi."

Na dawo gida da murnata, a zatona magana ta ƙare. Baba ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, ya ce to, Litinin. Litinin aka yi ruwa. Talata hularsa ta fita tana wurin mai wanki, shugaba kuwa ba ya shiga ofis da hular zaman gida. Laraba kwamiti ya yi zama a kan wata akuya da ke shiga gidajen mutane. Alhamis ya shirya tsaf har ya hau matakala biyu, sai ya tuna bai ji labaran rana ba, ga rediyo ya gyaru. Da na matsa masa ran Juma'a, gaskiyar ta fito.

"Ke yanzu so kike in je gaban yarinya sa'arki in ce na yi ƙarya? Da hatimin kwamiti a kai?"

"Ba ƙarya za ka ce ba, Baba. Kuskure."

"Kuskuren ai ya fi muni. Gobe in na buga hatimi a wata takarda wa zai yarda da ita?"

Baffa bai taɓa sa baki ba sai ran Asabar, muna cin abincin rana. Ya ture kwanonsa gefe, ya wanke hannu, ya fuskanci Baba.

"Yaya, tun da muka taso ban taɓa cewa ka goya ni ba. Hannu ɗaya nake roƙo ka sa a takarda."

"Wai me ka rasa a gidan nan?" in ji Baba. "Ci ko sha? Shekara nawa kana shan rana a barandar mutane? Allah ya kawo maka hutu, ka huta mana."

"Kuma yadda motocin nan ke gudu yanzu," Mama ta karɓa, "wallahi hankalinmu ya fi kwanciya da kana gida."

"Naku ya kwanta," in ji Baffa. "Madalla."

Direba ya ce shi dai bayansa ne, da ba don baya ba da kullum a kafaɗa zai kai shi. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan kwanona. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke hana abinci wucewa, amma duk da haka na cinye nawa.

Makon gyaran takarda ya wuce muna kallo. Baffa ya rage wasa. Ya daina aske gemu. Da safe sai ya kwashe tawul ɗin Mama daga kan keke, ya murza zuwa bakin ƙofa, ya tsaya a gindin matakala yana hango teburinsa a lulluɓe da tamfol. Agogon bangon falo ya kwance shi ya mayar har sau uku, lafiyarsa ƙalau, hannu ne kawai ke neman abin taɓawa. Masu agogo suka fara tsallakowa suna sallama. Makullin aljihun tebur yana nan a hannun Baffa, agoguna suna can, shi yana tsakiya yana ba da haƙuri. Wani dattijo ya ce masa, "An ce ka daina ne." Baffa ya ce, "Haka na ji ni ma."

Ran ashirin da tara Baba ya ce gobe da sassafe zai je, ya ga abin ya isa haka. Ran talatin, ƙarfe bakwai, motar kwaɓa kankare ta tsaya a saitin ƙofarmu tana juya tulun cikinta. Leburori suka hau ɗaure allunan zubi a jikin ƙarafa, suna matsowa wajen 'yar kafar nan.

Ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta na ga Baffa ya fito daga ɗakinsa. Ya yi aski, ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya rataya jakar kayan aiki a wuya. A cinyarsa akwai silifa guda biyu. Ya murza har gindin matakala, ya ja birki, ya zura hannayensa cikin silifan, ya sauko ƙasa.

Ban taɓa ganin Baffa yana rarrafe ba. Mama ta ce rabonsa da haka tun kafin a haife ni, tun ranar da ya sayi keken farko da kuɗin gyaran agogo.

"Baffa, tsaya in kira Direba."

"Bar shi da bayansa. Ke dai in kin samu masu taimako, ki biyo ni da keken."

Ya hau matakala ta farko, ya jawo ƙafafunsa da hannu. Ya hau ta biyu. A ta uku jakar ta harɗe masa wuya, ya tsaya ya gyara, ya hau. Sannan ya shiga kwalta. Wata babbar mota ta taso, ya zauna ya ɗaga mata hannu da silifa a jiki, direban ya taka birki har ƙasa ta girgiza. Na bayanta suka tsaya, aka fara hon, sai kuma hon ɗin ya mutu da mutane suka ga abin da ya tsare hanya. Leburori suka saki guduma. Injiniya ta fizgi jar tuta daga hannun wani ta ruga ta tsare ɗaya hannun titin da kanta.

Baba ya fito da singileti da buroshi a baki.

"Kai, ku ɗauko shi. Ku ɗauko shi mana, mutane na kallo."

Ba wanda ya motsa. Can wani lebura ya matsa zai ɗaga shi, Baffa ya ce, "Na gode, ɗana, keken za ka taya ta." Ya ratsa ta kafar, ƙarfe ya kama gefen farar rigar ya yage ta, bai waiwaya ba. Ni da leburori uku muka ɗauki keken muka bi bayansa. Ina tafe ina kuka, tawul ɗin Mama ɗaya yana reto a jikin birki.

Mai Kemis ya sauko daga baranda ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannunsa. Baffa ya kama ƙafar teburi ya hau bencinsa, ya cire silifan, ya duba tafin hannunsa da ya ɗaye, ya goge a cinya. Ya yaye tamfol.

"Yau talatin ko?" ya ce wa Mai Kemis. "Ban makara ba."

Kafin in juyo, Baba ya sa riga da hular fita, ya tsallako, yana gaban Injiniya. Jama'a sun kewaye su.

"Baba, wannan bawan Allah daga wane gida ya fito?" ta tambaye shi, tana sane.

"Ƙanena ne. Ai tun tuni nake nemanku, ba a samunku a ofis. Kawo takardar."

Ta miƙa masa. Ya sa hannu a kan bonet ɗin motarta, da kyau, da lanƙwasa, ya ce a ɗauko hatimi. Ta ce a bar hatimin.

"Zan tura, Baba, amma ba zan yaudare ka ba. Amincewa mako guda take ɗauka, kankare kuwa ga shi a mota, ba ya jira. Sai dai in an zo zagaye na biyu na aikin."

"Yaushe ke nan?"

"Ban sani ba."

Kafin azahar shinge ya haɗe, tsayinsa har ƙirjina. Da yamma Mai Kemis ya kwashe kwalaye daga ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan shagonsa, ƙofarsa daidai da ƙasa take. Ni na kai wa Baffa katifa da kayan sawa, ta gidan mai, minti ashirin zuwa, minti ashirin dawowa.

Yanzu wata bakwai ke nan. A layinmu in aka tashi zancen, masu titi ake zagi, kuma suna da nasu kason. Ban ga dalilin da gangare zai jira sai an cike takarda ba, alhali duk mai ƙafa a yau yana iya wayar gari babu ita, tsufa ma kaɗai ya isa. Amma masu titi sun zo har ƙofa sun tambaya. Mu muka amsa. Mun ji kunyar kalma ɗaya a gaban 'yan benci, ba mu ji kunyar zaunar da mutum mai sana'a yana gadin tukunya ba. Muna son Baffa, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai son bai taɓa sa ɗayanmu ya tambaye shi abin da yake so a rubuta a kansa ba.

Mama tana aika masa abinci kullum, tana kuma ƙorafin fanka ta koma kukanta. Baba bai taɓa zagayawa ta gidan mai ba, ya ce gwiwa. Abin da yake yi shi ne ya hau matakala ta uku da safe ya tsaya, daga nan ana hango kan Baffa ta saman shinge, a sunkuye. Jiya ina tsaye kusa da shi ya ciro waya ya kira. Muna gani Baffa ya ajiye hantsaki ya ɗauka.

"Kai, zaman nan ya isa haka," in ji Baba. "Mutane sai magana suke, wai na kori ɗan'uwana. Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi. Ka dawo gida."

Baffa ya cire madubin daga idonsa. Ya dubi shingen ta hagu har inda ido ya ƙare, ya dube shi ta dama. Muryarsa ta fito ta wayar, ba faɗa a ciki, kamar mai tambayar kwatance.

"To, Yaya. Ta ina?"

Baba ma ya duba hagu, ya duba dama. Ya daɗe da waya a kunne, motoci suna wucewa a tsakaninsu. Can Baffa ya ajiye tasa a kan tebur ba tare da ya kashe ba, ya mayar da madubin, ya ci gaba da aiki.